Motar Mai Girma Tana Cin Zabi

Ranar Talata tun da hantsi na tura babur ɗina zuwa gidan man bakin tasha, domin an rantse mana cewa tanka ta sauke mai. Na tarar layi ya zagaye kanti uku da masallaci ɗaya. Na bi sahu, rana ta shiga gasa mu, muna ta yi wa juna ƙaryar cewa layin yana motsi. Har la'asar ban ga bakin famfo ba, amma na ga abin da ya biya ni ladan zama. Daga hanyar gabas sai ga bijimai biyu suna jan amalanke, amalanken yana jan igiya, igiyar kuma tana jan farar motar nan sabuwa ta Biron Bibiyar Alkawura. A kujerar direba maƙwabcina Mainasara ne zaune, ya miƙe wuya, hannu biyu a kan sitiyari, fuskarsa babu wasa. A kan amalanken kuwa, kusa da mai shanu, Mai Girma Babban Mai Bibiya ne da kansa, babbar riga ta jiƙe sharkaf, ya ɗora jakar takardu a ka saboda rana.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Mainasara, kuma katangar ba ta da tsawo, don haka na san maganar tun daga tushe. Har ma ta shafi muzuruna, kamar yadda za ku ji.

Ga wanda ba ɗan Filinge ba, Biron Bibiyar Alkawura ma'aikata ce da aka kafa don ta riƙa zagaya ƙauyukan Kurfai tana duba ko alkawuran da aka yi wa mutane suna nan lafiya. Kuma mun gode Allah, ba a taɓa samun wanda ya ɓace ba. Duk inda aka ajiye alkawari, in an dawo bayan shekara nan ake tarar da shi, ko ƙwarzane babu. Biron yana da direbobi uku da mota ɗaya. Biyu suna wuni a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, suna dara, suna jiran ranar da na ukun zai yi tuntuɓe, na ukun kuwa shi ne Mainasara.

Shekara ashirin da shida yana tuƙa motar gwamnati, saura ɗaya ya ajiye aiki. A garin da kowa ya san yadda man motocin hukuma yake sauka cikin kwalabe a teburin bakin hanya, ba a taɓa jin ko kwalba guda ta bi Mainasara gida ba. Bai gina gidan siminti ba, bai je Makka ba, rigunan Juma'arsa biyu ne. Amma in mace za ta aika wa ɗiyarta zoben zinariya a Abala, hannunsa take sawa ba tare da shaida ba. Abin da ya tara ke nan a duniya, kuma ya san nauyinsa.

Tsohuwar motar biron ba ta da agogon mai mai aiki. Mainasara yana da sandar kalgo da ya yi wa tsage-tsage da wuƙa, ya zura ta cikin tanki, ya zaro, ya dubi inda ta jiƙe, ya ce za a kai ko ba za a kai ba. Bai taɓa kwana a daji ba. To, bara sai abokan arziki na ƙetare suka aiko da sabuwar mota, fara fat, mai sanyi a ciki kamar randa. Maƙogwaron tankinta a murɗe yake, sanda ba ta shiga. A madadin haka akwai wani ɗan allo mai haske a gaban direba, yana faɗin litir nawa motar take sha a kilomita ɗari, da kilomita nawa suka rage kafin mai ya ƙare. Mainasara ya tura sandarsa ƙarƙashin kujera, bai jefar ba.

Ranar da suka ɗauko motar daga Yamai, kwalta ce shimfiɗe tun daga can har gida. Da suka tsaya a ƙofar biro, Mai Girma ya miƙo yatsa daga kujerar baya.

"Malam Mainasara, karanta mini lambar nan."

"Sha ɗaya, ranka shi daɗe."

"Litir sha ɗaya a kilomita ɗari. Tsohuwar nawa take sha?"

"Takan kai ashirin in anka shiga rairai."

"Takan kai ashirin," in ji Mai Girma, yana jan maganar, yana kallon ƙeyar direbansa. "To, ni ban ce komai ba. Amma wannan na'ura ba ta da mata, ba ta da 'ya'ya, ba ta da suruki a ƙauye. Me zai sa ta yi ƙarya?"

Washegari aka fitar da doka. Daga yau Abdurrazak, sakataren biro, zai riƙa auna nisan tafiya, ya dubi abin da allo ya ce, ya ba da mai daidai da haka. Direban da mansa ya ƙare kafin allo ya yarda, za a karɓi mabuɗi daga hannunsa, a liƙa sunansa a jikin ƙofar biro tare da dalili. Ƙofar nan kuwa duk mai zuwa kasuwar Lahadi ta gabanta yake wucewa. Masu dara a gindin bedi suka ce doka ta yi kyau, an daɗe ana jiran irinta.

Kada in zalunci allon, yana ƙoƙarinsa. In aka sauka daga kwalta aka shiga rairayi, lambar takan fara hawa, sha uku, sha biyar, sha bakwai. Sai dai Mai Girma, da yake mutum ne mai ilimi, ya gano wani ɗan maɓalli a gefe. In ka danna shi ka riƙe, allon yakan manta duk abin da ya wuce ya fara lissafi sabo. Tun daga ranar Mai Girma ya dawo kujerar gaba. Da zarar lamba ta yi muni sai ya ce na'urar ta gaji, ya jira a hau fako ko a kama gangara, ya danna, lamba ta dawo bakwai ko takwas tana sheƙi. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Haka manyanmu suke yi da kowane shiri da lambobinsa suka fara wari: a sake masa suna, a fara ƙirga daga yau.

Kafin dokar ta kankama, Mainasara ya yi nasa awon irin na mutanen da. Ya cika tanki har baki, ya yi tafiyar mako guda, ya dawo ya sake cikawa har baki, ya dubi abin da famfo ya zuba. Sha shida ya samu, wani lokaci sha bakwai. Ya je wurin Abdurrazak da maganar, ya same shi yana shan shayi a bayan tebur.

"Mainasara, ni ban ƙi ta taka ba," in ji sakataren, ya rage murya. "Amma rahoto ya riga ya tahi Yamai. An ce biron ga namu ya rage shan mai da rabi, an aiko muna da gaisuwa. Yanzu kai kana so in shiga in ce mai gaisuwar ga a maida ta?"

"To, in man ya ƙare bisa hanya hwa?"

"Sai ka yi ƙoƙari kada shi ƙare."

Ƙoƙarin da Mainasara ya yi shi ne abin da har yau yake sunkuyar da kai in an tuna masa. Matarsa Laraba tana da garken zabi da ta raina tun suna ƙwai a ƙarƙashin kaza. Ranar wata Lahadi ya saka guda a cikin riga, ya bi ta bayan gari zuwa kasuwa ya sayar, ya dawo da kwalabe uku na mai, ya zagaya bayan katangar biro ya ɗura wa motar gwamnati. Ya gaya wa kansa sau ɗaya ne, kafin Mai Girma ya gane gaskiya. Lahadi ta gaba zabi biyu suka tafi. Mutumin da bai taɓa satar digon man hukuma ba ya koma satar zabin matarsa yana ciyar da hukuma, don kada a ce masa ɓarawo. Abin yana cin ransa, tuwo ma ya daina yi masa daɗi.

Da Laraba ta fara cigiya, sai ya ce mata yana jin muzuru ne. Muzuru ɗaya ne a unguwar, kuma nawa ne. Wata safiya ina alwala sai ga kan Laraba bisa katanga.

"Malam, ka ja ma muzurunka kunne. Zabuwa ta huɗu ke nan."

Na ce mata, "Laraba, muzurun ga ko ɓera gudunai shika yi. Dube shi, da ya ci zabuwa huɗu ai da an gani ga jikinai."

Ta ce ita ba ta zo musu ba, amma ta sayi tarko. Wata biyar muzuruna yana zaman ɗaki kamar mai jego.

A wannan wata biyar ɗin motar ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Abin da allo ya ce, shi aka bayar, kuma ya isa. Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai, ya tara ma'aikata, aka kawo abinci daga wurin Delu mai gidan tuwo, aka miƙa wa Mainasara takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, an rubuta Direban Zamani. A jawabinsa Mai Girma ya ce ga shaida nan, kimiyya ta gyara wa tsoho hali. Aka yi tafi. Mainasara ya karɓi takardar da hannu biyu, kalmar nan ta gyara hali tana yi masa zafi a ƙirji, ga shi ba damar ya ce uffan. Naman da aka ci ranar na zabuwa ne, kuma ya gane ta.

Delu ce ta tona asirin ba da nufi ba. Ta haɗu da Laraba a wurin niƙa, ta yi mata godiya a kan irin zabin da Mainasara yake sayar mata, ta ce duk kasuwa babu masu maiƙonsu. Da yamma ina zaune a tsakar gidana na ji an ajiye kwanon tuwo da ƙarfi a gidan maƙwabta.

"Mainasara, muzurun da ka cin zabina, ashe hula garai?"

Can ya ce, "Laraba, sunana nika tsaro."

"Da zabina?"

Ya kwashe labarin duka ya gaya mata, da allo, da maɓalli, da ƙofar biro. Na yi zaton za ta ɗaga murya, sai na ji ta yi magana a hankali, wanda ya fi ihu ciwo.

"Ni ba zabin ad damuwata ba, ƙwai na nan, ana sake wasu. Amma kai ne kac ciyar da ƙaryar ga hat tay yi ƙiba. Baɗi ka aje aiki. Wanda zai gaje ka, in matatai ba ta da zabi, da mi za shi cika tanki? Sai a liƙa sunanai, a ce ga Mainasara nan ya yi shekara man na isa tai. Sunanka za a ɗauka a yanka bawan Allah da shi."

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Nan take Laraba ta tattara zabi ukun da suka rage ta tura akurki, ta sa kwaɗo, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane.

Ba a yi kwana uku ba aka sanar da fita rangadi. Za a je Tungar Gajere ranar Talata, a duba alkawarin foraj, rijiyar famfo da aka yi wa mutanen garin albishir da ita shekara tara da suka wuce. Tungar Gajere garin uwar Mainasara ne, kilomita arba'in da biyar, kusan duka rairayi. Abdurrazak ya buga lissafinsa, ya ce litir tara da wani abu, ya cika goma don alheri. Mainasara ya san goma ba za ta dawo da su ba ko da shi zai sauka ya riƙa turawa. Ba zabi, ba kwalba, kuma in abin zai faru, a gaban dangin uwarsa zai faru ko kusa da su. Ranar Litinin ya wuni ba ya jin abin da ake ce masa.

Da asubar Talata, bayan an zuba litir goman, ya tsaya gaban Mai Girma ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, alhwarma guda nika roƙo. Mutane sun cika zargi. A liƙa takarda bisa murhin tankin ga, ka buga mata hatimi da hannunka, kowa shi san ba a buɗe ba."

Ba abin da Mai Girma yake ƙauna a duniya kamar hatiminsa. A aljihun gaba yake kwana, ko fatiha aka gayyace shi da shi yake zuwa. Ya ce wannan ita ce shawara mafi kyau da ya ji daga bakin direba. Aka shafa gam, aka manna takarda ta haye murfin da jikin mota, ya buga hatimi sau uku, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata har da ƙarfe nawa.

Tun daga ƙofar gari 'yar fitilar gargaɗin ƙarancin mai ta kama. Mai Girma ya ce wannan an sa ta ne don masu tsoro, mai ilimi lamba yake dubawa. Suka yi ta nausawa cikin sabara da geza har suka iso wani kwari mai rairayi, mota ta nutse har ciki. Mainasara ya so ya sauka ya rage iskar taya ya shimfiɗa rassa, Mai Girma ya ce ba lokaci, ya taka kawai. Ya taka. Tayoyi huɗu suna juyawa, ƙasa tana tashi sama, mota tana nan inda take. Mainasara ya saci kallon allo, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: lambar kilomita tana ƙaruwa. Allon ba hanya yake gani ba, juyin taya yake ƙirgawa. Sun yi kilomita biyu cur a rubuce suna kallon itaciyar aduwa ɗaya. Na ce wa Mainasara daga baya, in haka ne allon nan ya cancanci kujera a biro, domin ya gane aikin fiye da kowa.

Wasu makiyaya ne suka taimaka aka tura. Da aka hau fako lamba ta kai sha tara, Mai Girma ya ce wahala ce ta ruɗa ta, ya danna maɓalli a kan gangara, ta dawo bakwai. "Ka gani?" in ji shi. Mainasara ya ce ya gani.

A Tungar Gajere an share fili, an shimfiɗa tabarmi kusa da tulin duwatsun da aka aza shekara tara da suka wuce. Mainasara ya kai hannu zai kashe mota, Mai Girma ya riƙe masa hannu. Ku da kuke karatu kun san al'adar: motar manya ba a kashe ta a gaban talakawa. Dole ta yi ta gurnani, na'urar sanyi tana aiki, don jama'a su san baƙon sauri yake yi, ana jiransa a wani wuri mafi muhimmanci. Jawabin saurin ya ci awa biyu. An tabbatar wa mutanen garin cewa alkawarinsu yana nan daram, har an sa shi cikin sabon shiri mai sabon suna.

Mainasara yana zaune a mota yana jin injin yana tsotsar abin da ya rage, kowane minti kamar daga jikinsa ake zuƙa. Can gefen fili ga wani mai tebur da kwalaben mai jere suna walƙiya a rana. Ya taɓa aljihu, ya tuna agogon hannunsa zai iya zama kwalba biyu. Sai idonsa ya faɗa kan madubin gefe, ya hango farar takardar da hatimi uku. Ashe ba Mai Girma kaɗai ya ɗaure ba, har da kansa.

Ana cikin haka yayar uwarsa, Tabawa, ta zo masa da ƙwaryar fura. Tsohuwa ce da ke riƙe da al'adun kakanni a garin, wurinta ake zuwa in ana son jin ta bakin iskoki. Ta leƙo ta taga, sanyi ya buge ta, ta ƙura wa allon ido.

"Ɗana, wanga mai hasken shi na anka ce shina hwaɗa muku gaibu?"

"Shi na, Inna. Shi ka hwaɗin ko muna kai gida."

"Shina hwaɗin abin da ba ku so ji?"

"In ya hwara, sai a danna mai nan, shi sake magana."

Tabawa ta jinjina kai. "Namu in sunka zo ba su da wurin dannawa. Abin da sunka gani shi suka hwaɗi, ko wa az zaune." Ta karɓi ƙwaryarta, ta dube shi da kyau. "Ka rame. Mi ka cin ka?"

Ya ce aiki ne. Ta ce Allah ya rufa asiri, ta tafi.

Saura kilomita goma sha biyu su shiga Filinge motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Allo yana nan da haskensa, ya rubuta cewa saura kilomita talatin da ɗaya. Mainasara ya murza mabuɗi, ya sake murzawa. Sanyi ya fara gudu daga cikin motar.

"Me ya faru?" in ji Mai Girma.

"Mai ya ƙare, ranka shi daɗe."

"Ka iya karatu? Talatin da ɗaya."

Mainasara ya sunkuya ya zaro sandar kalgo daga ƙarƙashin kujera. Ya fita, ya kwanta a rairayi mai zafi, ya ƙwanƙwasa cikin tankin daga ƙasa. Ƙarar da ta fito ko yaro ya san ta, ta tulun da ba ruwa ce. Mai Girma ya fito, fuska a murtuke.

"To, ina man ya tafi, Mainasara? Ka san doka."

Mainasara ya taso daga ƙarƙashin motar. Ya nuna murfin tanki da sanda. Mai Girma ya matsa, ya sa tabarau, ya duba takardar sama da ƙasa, ya shafa gefenta da farce ko an ɗaga. Hatimi uku, sa hannu, kwanan wata, ƙarfe shida da minti goma. Ya daɗe a tsaye. Da a ce wani ne ya buga hatimin, da an sami mafita.

"Amma wata biyar man yana isa," in ji shi, murya ta sauka. "Da me muke dawowa gida?"

"Da zabin Laraba, ranka shi daɗe."

"Zabi?"

"Goma sha ɗaya. Guda ma kai kac ci cinyatta, ran da anka ba ni takarda."

Mai Girma ya ja da baya daga jikin motar. Bai ce a yi haƙuri ba, manya ba su saba ba, amma ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Wani manomi mai suna Ɗandije ne ya biyo da amalanken shanu, ya yarda ya ja su. Dole aka bar mabuɗi a kunne don sitiyari ya juya, don haka allo bai mutu ba. Da bijimai suka fara tafiya ya rubuta sifili, ɗigo, sifili. Mainasara ya ce Mai Girma ya kalli lambar nan da wani irin kwaɗayi, har ya laluba alƙalami, kafin zafi ya kore shi zuwa kan amalanke.

A haka suka iso mana a layin mai. Mutum ya fi ɗari a wurin, kuma babu wanda bai san dokar ƙofar biro ba. Hamani mai faci, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ɗaga murya daga rumfarsa.

"Mainasara, kai ma ka shiga sahu? Duka kash shanye, ko ka rage muna kwalba guda?"

Aka fashe da dariya. Mainasara bai yi ba. Ya fito daga mota, ya tsaya da sandarsa a hannu, rairayi a bayan rigarsa, ya dubi Mai Girma. Bai roƙe shi ba, kallonsa kawai ya yi. Dariyar ta mutu da kanta, domin kowa ya gane ba wasa ake ba.

Mai Girma ya sauko daga amalanke da ƙyar, ya gyara riga, ya je ya tsaya jikin murfin tankin.

"Jama'a, ku dubi takardar nan. Ni na buga hatimin, ni zan yage shi. Mainasara bai taɓa digon man biro ba, yau ko jiya." Ya dubi Mainasara. "Nasa ma ya zuba."

Ya yage takardar a gaban kowa. Hamani ya sauke kai ya koma kan tayar da yake faci. Mainasara ya juya baya kamar yana duba igiya, ya share ido da hularsa, ya daɗe bai juyo ba.

Mai Girma kuwa da ya ga jama'a sun yi tsit suna saurare, sai jinin jawabi ya motsa. Ya ƙara da cewa na'ura ma ba ta yi ƙarya ba, rairayin Kurfai ne bai dace da ƙa'idar da aka ƙera motar a kai ba, kuma za a kafa kwamiti ya binciki rairayin. Daga nan aka tura motar gaban famfo, ta tsallake mu duka kamar yadda doka ta tanada, aka cika ta har baki. Da layi ya iso kaina, mai famfo ya nuna mini allonsa, sifili. Na tsaya na dube shi da girmamawa, domin ranar shi kaɗai ne allon hukuma ko na kasuwa da ya gaya mini abin da ba na so, bai kuma nemi a danna shi ba.

Na turo babur ɗina gida yadda na tura shi da safe. Ta kan katanga na ji Mainasara yana neman ƙarin tuwo. Na kuma ji cewa Mai Girma ya aiko wa Laraba da alkawarin zabi goma sha ɗaya, a rubuce, da hatimi uku. Hankalinta ya kwanta, alkawarin yana hannun masana, duk shekara za a zo a duba mata lafiyarsa. Muzuruna dai har yanzu ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri.